Ranar da Pani Honorata Ta Rufe Sadza

Tun da na dawo gida ake tambayata labarin duhu da sanyi, ni kuwa ko ta ina na ɗauko zancen, a kan Pani Honorata yake sauka. Pani da Pan a yarenmu na Poland kamar a ce malama da malam ne. Ita ce mai dafa mana abinci a tashar bincike da ke wani tsibiri can ƙurewar arewacin duniya, inda na yi shekara guda ina auna iska da gajimare, ban daɗe da fitowa daga jami'a ba. Mu tara ne muka yi hunturu a wurin, sai wata baƙar karya mai suna Sadza.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, ta kusa sittin. A wani ƙauye cikin duwatsun kudu maso gabashin Poland aka haife ta, inda mahaifinta yake yi wa mutanen gari bandar nama duk lokacin biki. Ta yi rabin rayuwarta tana dafa wa ma'aikatan wata masana'antar sukari abinci, har aka rufe masana'antar. Mijinta ya rasu, ɗanta tilo yana aikin gini a ƙasar waje, sai da biki yake kira. Na taɓa tambayarta abin da ya kawo ta nan.

Ta ce, "Gidana ma shiru ne, mai digiri. Gara in zo inda shirun yake da dalili."

Wannan ne hunturunta na uku a tashar. Mai digiri take kirana tun ranar da muka sauko daga jirgin ruwa, ta gan ni rungume da jakar littattafai ina amai. Dokokinta ba su da yawa, amma ba a taka su. Ba a shiga mata kicin da takalmin waje. Ba a zubar da burodi, in ya faɗi ƙasa a ɗauka a sumbace shi. Albasar da take shukawa a gwangwanaye a bakin taga, ƙarƙashin fitila, ita kaɗai ke tsinkar ganyenta. Cikin watannin duhu, lokacin da rana ba ta fitowa sam, da na fara ramewa ina zirga-zirga tsakanin ɗakuna kamar wanda ya yar da wani abu, ba ta tambaye ni komai ba. Bokitin dankali ta turo mini da wuƙa.

"Zauna ka feraye. Gajimarenka ba inda za su."

A kan wannan 'yar kujera na ƙarasa duhun, tana zagina kullum a kan rabin dankalin da nake bari a jikin ɓawo.

Da kowa take shiri a tashar, ban da Sadza. Karyar aikinta ɗaya ne, ta yi haushi in Maƙwabci ya zo. Haka muke kiran farin beyar, ƙaton naman dajin ƙanƙara mai cin mutum, ba ma son ambaton sunansa. Haushin da take yi masa daban yake, daga can cikin ƙirji, ko barci kake sai ka tsinci kanka a tsaye. Don haka ba a ɗaure ta, ba a kulle ta, duk inda take so tana zuwa. Ita kuwa kicin take so. A jajibirin Kirsimeti ta ɗauke kifin da aka ajiye a zaure ya huce, ta je gaban tagar ɗakin cin abinci ta cinye shi muna kallo.

Pani Honorata ta ce, "A garinmu kare ya san matsayinsa."

Bronek, makanikenmu, ya ce, "Ai wannan ma ta san nata, Pani. Ta riga ki fara aikin gwamnati."

Akwai wani buhu da ta zo da shi daga gida ta tura ƙarƙashin gadonta. Bronek yana cewa gawar surukarta ce. Sai da azumin kafin Ista ya kusa ƙarewa ta kwance shi. Itacen tuffa ne, an faskara ƙanana, daga bishiyar mahaifinta ta ƙarshe da ƙanenta ya sare don ya gina gareji. Tsibirin ba shi da bishiya ko ɗaya, itacen da teku ke turowa kuwa gishiri ya ratsa shi, hayaƙinsa ɗaci gare shi. Hunturu biyu ta yi tana sa wa mutane naman leda a teburin Ista, ta ce wannan karon ba za ta sake jin wannan kunyar ba.

Shugaban tasha, Pan Lucjan, dattijo ne mai binciken ƙanƙara, ba ya son musu. Ta tare shi yana shan shayi.

"Ista ba nama mai hayaƙi, Pan Lucjan? To ai sai mu ce Talata ce, kowa ya koma aikinsa."

"Pani, ƙamshin zai kai bakin teku."

"Kifin da nake soya maka duk Juma'a fa, a hancinka kaɗai yake tsayawa?"

Ya yi dariya, ya sosa gemu. Shi gobara ya fi tsoro, domin in gidan ya kama ba mu da inda za mu. Ya yarda, da sharaɗi. Wutar za ta yi nesa da gida da tankunan mai, can gefen rumfar kwalekwale a bakin ruwa. Ta tafi da bindiga, kuma oba-obarta, rediyon hannun da muke magana da juna, ta kasance a kunne. Ba wanda ya ambaci karya. Wa zai ambata? Kamar a ce wa mutum kada ya fita ya bar ƙafarsa a ɗaki.

Ranar Alhamis kafin Ista gari ya waye tas. Rana ta dawo mana, har ta fara ƙin faɗuwa. Pan Lucjan da mutum huɗu suka hau baburan ƙanƙara suka tafi kan tsauni wurin awonsu. Likitarmu tana barci, don ita ta yi gadin dare. Bronek yana ɗakin janareta da abin toshe kunne. Shi ne ya yanka mata duro ya haƙa ramin wuta a gefensa. Tun da sassafe ta rataye naman da ta jiƙa a ruwan gishiri a kan sandunan ƙarfe, cinyoyin alade biyu da zobban kelbasa, tsiran hanjin da ta ɗura da hannunta, ta rufe bakin duron da buhu.

Wajen tsakar rana na fita duba na'urorina a kan tudun da ke bayan gida, bindiga a kafaɗa, 'yar bindigar tsoratarwa mai harba dunƙulen wuta a aljihu. Na ga iska ta juya. Da safe tsauni take yi, yanzu kuwa ta bi gaɓa tana kai hayaƙin bakin mashigi, inda ƙanƙara ke tsagewa. Ƙamshin ya ɗan taɓo ni, yawu ya cika mini baki, na tuna gidan kakata. Sai kuma na ji wani abu bai yi daidai ba. Kullum Sadza ke raka ni tudun nan, tana ture mini gwiwa. Yau ni kaɗai ne.

Na ɗaga kai ina nemanta, sai na gan shi.

Ba fari ba ne, launin tsohon haƙori gare shi. Ya fito daga bayan rumfar kwalekwale ba ko motsin sauti, hanci a sama. Bindigar Pani Honorata tana rataye a ƙusa a jikin bangon rumfar, ya wuce ta har gashinsa ya goge ta, ya tsaya tsakanin rumfar da duron. Ita tana ɗaya ɓangaren, a durƙushe, tana tura itace cikin rami, ta ba shi baya. A gabanta ba komai sai 'yar ƙanƙarar gaɓa da baƙin ruwa.

Ban san yadda oba-oba ta zo hannuna ba.

"Pani Honorata. Pani. Kada ki juyo da sauri."

"Mene ne kuma, mai digiri? In yunwa ce, sai Lahadi."

"Maƙwabci yana bayanki. Gefen rumfa."

Na ga ta daina motsi. Sannan ta miƙe a hankali, ta juyo, hannu ɗaya a aljihun rigar aikinta.

"Na gan shi," ta ce, da muryar da take cewa a miƙo mata gishiri.

"Bindigarki fa?"

"Ga ta can bayan kunnensa."

"Zan harba wuta."

"Daga ina?"

"Daga tudu."

"Ta fashe a bayansa ya taho kaina? Kada ka soma. Kuma kada ka ɗaga babbar. Na ga harbinka ranar gwaji, Tymek."

Ba ta taɓa kiran sunana ba sai ranar. Abin da ta faɗa kuwa kowannenmu ya sani, an koya mana tun kafin mu hau jirgi. Dunƙulen wutar nan dole ya fashe tsakaninka da shi, in ya fashe a bayansa gaba zai yi. Ni ina bayansa, ita tana gabansa. Harsashin da ya kuskure shi ita zai samu. Ga makami biyu a jikina, ba wanda zan iya taɓawa.

Na kira Bronek, na sake kira. Shiru. Wanda ya amsa Pan Lucjan ne, daga can kan tsauni, muryarsa tana yankewa.

"Tymek, muna jin ku. Mun juyo, amma muna da nisa. Ina Sadza? Me ya sa ba ta yi haushi ba?"

Maƙwabci ya matsa ya sa hanci a jikin buhun da ke bakin duron, ya ja da baya saboda zafi.

"Tana ɗakin busar da takalma," in ji Pani Honorata. "Ni na rufe ta."

"Kin rufe ta," in ji Pan Lucjan.

"Ranar banda ana rufe kare, Pan Lucjan. Ko yaro ya sani." A ƙarshen maganar muryarta ta karye.

Pan Lucjan ya dawo kaina. Ya ce, "Tymek, je ka buɗe ta. Kada ka yi gudu sai gida ya kare ka daga idonsa. Pani, ki yi ta magana a hankali, ki riƙa ja da baya, kada ki juya."

A duk abin da ya faru ranar, wannan ne ya fi tsaya mini. Dole na juya mata baya. Na gangaro daga tudun ina tafiya kamar mai zuwa kasuwa, ƙafafuna suna nutsewa a dusar ƙanƙara, ban ganinta, sai dai ina jinta. Ta danne maɓallin oba-obarta ba ta saki ba, don haka ba wanda zai iya magana sai ita, kuma da shi take magana.

"To, maigida, sannu da zuwa. Ga nama nan, naka ne, ɗauki ka tafi. Ka ji ƙamshi ko? Itacen babana ne. Ni tsohuwa ce, ba abin da za ka samu a jikina sai jijiya. Haka. Can za ka duba, ba nan ba. Ya Maryamu, ba nan ba."

Can na ji ƙarar ƙarfe ya faɗi, da wani huci, sannan oba-obar ta yi shiru.

Na kwasa da gudu. Na banke ƙofar gida, na ratsa da takalmin waje, na daki ƙofar likita da ƙafa ina ihu, ban san me nake cewa ba. Ɗakin busar da takalma yana tsakiyar gidan, ba shi da taga, iska mai zafi ce kawai ke kaɗawa a ciki. An tokare ƙofar da kujera. Na fizge ta. Na ga bargo a shimfiɗe, da kwanon ruwa, da yankan burodi an shafa masa kitse. Sadza ta wuce ta tsakanin ƙafafuna har na kusa faɗuwa, kafin in juyo ta kai ƙofar waje, sannan haushin nan ya tashi.

Da na fito, duron yana kwance, garwashi yana cuu a cikin dusar ƙanƙara, kelbasa ta watse ko'ina. Pani Honorata tana tsaye. Ta kai ƙarshen ƙanƙarar, ruwa a dugaduganta, ta riƙe ɗaya daga cikin sandunan ƙarfen da hannu biyu a gabanta. Maƙwabci ya take cinya ɗaya da ƙafa, amma ba ita yake kallo ba. Ya sauke kai ƙasa yana kaɗa shi hagu da dama, ya ɗaga ƙafa ya nufe ta.

Sadza ta iso ta cafki bayan ƙafarsa ta saki. Ya juyo da saurin da ban taɓa zaton abu mai girmansa zai iya ba. Ta kauce, ta zagaya, ta sake dawowa. Ya bi ta kaɗan, ya tsaya, ya waiwayi matar. Ta sake cizonsa. Haka ta yi ta jansa gefe, kaɗan kaɗan, wajen duwatsu. Ni kuma na yanka ta ɗaya gefen na gangara bakin ruwa, don in daina zama a bayansa. Na faɗi, na tashi. Na cire safar hannu da haƙori. Na riƙe 'yar bindigar da hannu biyu.

Ina ɗaga ta na ji kukan Sadza, gajere, sau ɗaya. Na gan ta a sama, sannan ban gan ta ba. Ya juyo wajen Pani Honorata, kuma yanzu akwai fili a tsakaninsu, ni ina gefe. Na harba.

Wutar ta fashe a filin, kusa da shi. Ya zabura ya ja da baya. Na sake ɗurawa, harsashi ɗaya ya suɓuce mini cikin dusa, na sa wani, na sake harbawa. Sai ga Bronek a kan tarakta, da singileti a cikin wannan sanyin, yana danna oda yana zagin uwar kowa, likita tana biye da bindiga. Maƙwabci ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya sunkuya ya ɗauki cinyar a baki, ya bi gaɓa ya tafi, ko sauri bai yi ba.

Na isa wurinta. Tana nan yadda take, idonta a inda ya tsaya.

"Pani, ya tafi. Saki ƙarfen."

Ta dubi hannayenta kamar na wani. Sandar daga kan wuta ta faɗo lokacin da duron ya kife, ta ɗauka ba ta ji komai ba. Yatsunta sun ƙi buɗewa. Likita ce ta zo ta ɓamɓare su ɗaya ɗaya, ni na kau da kai.

Abin da ta fara cewa shi ne, "Ina karyar?"

Bronek ya samo ta a bayan wani dutse, cinyarta a tsage har ƙashi, tana numfashi sama sama. Ya naɗe ta a rigar likita ya ɗauko. A ɗakin magani aka yi rigima, don Pani Honorata ta ɓoye hannayenta a ƙirji ta ce ba wanda zai taɓa su sai an ɗinke Sadza. Likita ta daka mata tsawa, ta tsoma mata su a ruwan sanyi da ƙarfi, sannan ta juya kan karyar. Ni na riƙe fitila. Na riƙe har aka gama, sannan na fita na zauna a ƙasa a zaure.

Da Pan Lucjan ya iso, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin magani da kayan tsauni a jikinsa, ya daɗe yana kallonta. Muna jiran faɗa.

Ita ta riga shi. "Faɗi, Pan Lucjan. Na cancanta."

Ya ce, "Ni na ba da izini." Ya fita.

Maƙwabci ya yi ta dawowa rumfar kwalekwale a kwanakin da suka biyo, yana tonon inda kitse ya ɗiga. Ba mu da mai haushi, saboda haka ba mai fita shi kaɗai, ko awon iska sai da mai tsaron bayana. Ranar Lahadi mu muka yi girki, tana zaune da hannaye a naɗe kamar 'yan tsana biyu, tana ba da umarni. Ƙwai, burodi, miyar tsami ba tsire a ciki. Da aka zo rabon ƙwai, inda kowa ke ɗaukar yanki ya yi wa ɗan'uwansa fatan alheri, ni na riƙe mata farantin. Bronek ya ɗauki nasa ya ce yana yi mata fatan Ista mai zuwa ta yi ta a garin da mafi girman dabbarsa saniya ce. Aka yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta sa na kai yankinta bakin ƙofa, inda Sadza ke kwance a kan bargo.

Bronek ya ce, "Yanzu kam ta samu izinin shiga kicin ko, Pani?"

"Kicin kicin ne," ta ce.

Da rani jirgi ya zo ya kwashe mu. Yanzu kaka ce, maƙwabtan iyayena suna ƙona rassan da suka sassare a lambunansu. Shekaranjiya ina dawowa daga shago hayaƙin tuffa ya tare ni a lungu, na tsaya cak da leda a hannu, ina sauraron haushi. Sai da wata mata mai keke ta tambaye ni ko lafiya.

Da na shiga gida na kira ta. Hannayen sun warke, amma yatsu biyu na hagu ba sa lanƙwasuwa, kuma likitocin da ke tantance masu tafiya sun ce ba za ta koma ba. Ta faɗa mini haka kai tsaye, ta wuce zuwa tambayar ko ina cin abinci. Sadza ma ba ta zauna ba. Gurguwar karya ba ta iya kauce wa Maƙwabci, an kai sababbi biyu, ita kuwa a jirginmu ta dawo, a ɗakin Pani Honorata.

Na ce, "Tana ina yanzu?"

"Tana bakin ƙofa, a matsayinta."

Ina jin ƙarar tukunya a kan wuta, da cokali yana buga gefenta. Kusa da wayar sosai kuma, wani abu yana lasar kwano, yana tura shi a kan daɓe.

"Pani, mene ne wannan?"

"Ba ruwanka, mai digiri. Kana barci kuwa?"